Kwalin da Aka Sa Yaya Ta Yanka

Duk wanda zai zagi yayata a gabana, to ya fara gaya mini ko ya taɓa tsayuwa a layi tun gari bai gama wayewa ba har rana ta take, a kan siminti, da gwiwa mai ciwo. In bai taɓa ba, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ni ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗinkin labule nake yi, kuma ƙofar shagona tana kallon teburinta a lungun da ke ƙarƙashin benen masu sayar da waya, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Mai Kwali ake ce mata, don abin da take sayarwa a cikin kwali yake zuwa. Wasu 'yan bushiyoyi ne na roba, ba su wuce tafin hannu ba, kowace a cikin kwalinta mai tagar leda, tana leƙo ka da ido zuru-zuru. Akwai mai hular direba, akwai mai tabarau, akwai wata mai goyo da aka yi ta rububinta kamar za a kashe juna. Kamfanin da ke yin su da gangan yake fitar da su kaɗan-kaɗan, kuma duk garin kanti ɗaya ne ke kawowa, wato babban kantin kayan wasan da ke bakin titi. Ranar da sabuwa za ta fito, layi sai ya zagaye ginin. Kowa kwali uku ake sayar masa, kafin azahar an share kanta. Yaya takan karɓi nata, ta koma ƙarshen layi ko da rabon ta sake samu, sannan ta zo ta jera su a tebur ta ninka kuɗin sau uku. In ta ga ana nema ido rufe, ta ƙara.

Abin da wanda bai san harkar ba ba zai gane ba shi ne liƙi. A bakin kowane kwali akwai wata 'yar takarda zagayayya da aka manna. Muddin tana nan lafiya, bushiya tana da daraja. Da zarar an yanka ta, ko da ba a taɓa abin da ke ciki ba, shi ke nan, ko kuɗin kanti ba za ka mayar ba. Masu saye ba sa buɗewa. Manya ne da gemunsu da motocinsu, su kai gida su jera a kabad ɗin gilashi, ɗansu ya miƙa hannu su buge hannun. Yaya kuwa yadda take kula da kwalayen nan, wallahi ko mu da ta yi rainonmu ba ta lallaɓa mu haka ba. Ba ta yarda rana ta taɓa su, ba ta ɗauka da hannu mai maiƙo, in za ta nuna maka ɗaya sai ta fara goge yatsunta a gefen mayafi.

Da can shara da goge-goge take yi a wani ofis, tun bayan rasuwar mijinta, da haka take riƙe kanta da 'yarta guda. Wata rana wata babbar ma'aikaciya ta aike ta kantin nan ta bi mata layi. Ta wuni a tsaye ta samo, tana fitowa wani mutum ya tare ta a bakin ƙofa ya ce ta sayar masa, ya faɗi kuɗin da ya sa ta waiwaya ta ga ko da wani yake. Ta ce ba nata ba ne, ta kai wa mai shi. Matar ta karɓa tana ta murna, ta ce sannu, ta ba ta abin da ko motar komawa gida bai isa ba. A hanya ne lissafin ya zauna mata. Ashe tsayuwar nan da ta yi tana da farashi, ita ce dai ba a biya ba. Fitowa ta gaba ta je da kuɗinta, daga nan kuma ta ajiye wa 'yan ofis tsintsiyarsu.

Tun daga nan, duk wanda ya ce kayanta sun yi tsada amsa ɗaya take ba shi.

"Kuɗin bushiya na kanti ne, sauran kuɗin ƙafa ne. In naka ƙafafun suna aiki, ga kanti can, ba a rufe hanya ba."

A gida ma ba a bar ta ta huta ba. Ƙanenta, wanda ni nake bi wa, malamin makaranta ne, mu duka Malam muke ce masa. Mutumin kirki ne, amma in ya fara wa'azi ko shayi sai ya huce. Wata ranar hutu muna zaune a ɗakin Yaya, ga kwalaye a jere a saman sif an lulluɓe da zanen gado, ya gyara zama ya ce:

"Yaya, ni fa abin nan yana damuna. Ki saye kaya ki ɓoye sai ya yi tsada, ai shi ne abin da ake hanawa."

"Abinci na ɓoye?"

"A'a, amma..."

"Magani na ɓoye? Malam, tsakaninka da Allah, wa ka taɓa ji an kai asibiti saboda rashin bushiyar roba?"

"Ba a nan take ba. Kina sa wa mutane tsadar da babu gaira babu dalili."

"Ni na ce a yi su kaɗan? Je ka yi wa kamfani wa'azi, injinsu bai lalace ba. Su suka ƙirƙiro yunwar, ni dai na tsaya a rana."

Ya ce to ta rage, ko ninki biyu ne. Ta ce ranar da ya rage kuɗin darasin da yake yi wa 'ya'yan masu hali da yamma, ya zo su yi magana. Ya yi dariya, ya ce shi ya tuba, a ba shi ruwa ya sha.

Ba zan ce kullum ina bayanta ba, don ni ma akwai ranar da ta ba ni haushi. Wata mata ta zo da 'yarta ƙarama, yarinyar ta liƙe wa mai goyon nan, uwar ta ji kuɗi, ta roƙi ragi. Yaya ta ce babu. Ta nuna musu teburin gaba inda ake sayar da 'yan tsana masu araha, ta ce waɗancan sun fi daɗin wasa, ana ma iya yi musu wanka. Yarinyar ta tafi tana kuka tana waiwaye. Na leƙo daga kan keken ɗinki na ce, "Haba Yaya, ke ko tausayi babu?" Ta ce in ta bi tausayi yau, gobe wa zai tausaya wa tata 'yar ranar biyan kuɗin makaranta? Ranar ban sake yi mata magana ba, ita ma ba ta neme ni ba. Amma na ga ta juya kwalin ta kifa shi, bai sake kallon hanya ba har muka tashi.

Masu tara bushiyoyin nan suna da ƙungiya a waya, suna da shugaba, wani dogo mai tabarau da ke aiki a banki. Ko sunansa ba a faɗa, Shugaba kawai. Shi ne ya ɗauki hoton Yaya a layi ba ta sani ba, ta sunkuya tana ɗaure gwiwarta da bandeji, ya watsa, ya rubuta a ƙasa wai ga kurar layi, irinsu ne ke hana yara da masoya na gaskiya samu. Hoto ya yi ta yawo har ya kai wayar 'yarta a makaranta. Yarinyar ta dawo ido ya kumbura, ta ce ita dai a daina sana'ar nan. Ni da na gani sai na miƙe, na ce a nuna mini bankin. Yaya ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ko ba komai ya ɗauko ni da sabon mayafi." Amma ranar ba ta ci abincin kirki ba.

Ba su tsaya nan ba, suka yi ayari suka je wajen manajan kantin. Ba a jima ba aka manna takarda a ƙofa: daga yanzu duk kwalin da aka saya, za a yanke liƙinsa a kan kanta kafin a fita da shi, don kayan wasa na masu wasa ne. Kowa a lungunmu ya san wa ake nufi. In dokar nan ta zauna, sana'ar Yaya ta mutu, don babu mai ninka kuɗi a kan yankakken kwali.

"Yanzu ya za ki yi?" na tambaye ta.

"Zan je. In doka ce ta kowa, na ɗauka, Allah ya buɗa wata hanyar. Ina dai son in ga yadda Shugaba zai yanka nasa."

Ranar da sabuwar bushiya mai laima za ta fito na rufe shago na bi ta, don na san halin kayana. Muka sami wuri ba can gaba ba, ba kuma baya ba. Shugaba yana bayanmu kaɗan da mutanensa, suna ta nuna wa juna waya, ko kallon inda muke ba su yi ba. Aka buɗe, layi ya fara tafiya. Ina lura da masu fitowa, kowa rungume da ledarsa, kuma duk wanda na hango kwalinsa, liƙi na nan daram. Na taɓa Yaya. Ta ce, "Na gani."

Da muka iso kanta, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ajiye kwalaye uku, Yaya ta biya. Sai yarinyar ta saci kallon manaja, yana tsaye gefe ya harɗe hannu, ya gyaɗa mata kai. Ta jawo aljihun tebur ta fito da reza sabuwa, ta turo gaban Yaya, murya can ƙasa.

"Mama, sai an yanka."

"Waɗanda suka fita fa, 'yata?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Manaja ya matso ya ce, "Mama, doka ce, ga ta can a ƙofa. In ba za ki yanka ba, a mayar miki da kuɗinki."

Na ɗauka za ta karɓi kuɗinta, don ni da ni ce abin da zan yi ke nan. Ina! Ta goge yatsunta a mayafi, ta ɓare rezar daga takardarta, ta yanka na farko, ta yanka na biyu, ta yanka na uku, a hankali, kowa yana ji. Wallahi kamar a jikina ake yi. Ta zuba su a jaka. Sannan ta ɗora rezar a tafin hannunta, ta juya, ta miƙa wa saurayin da ke bayanta.

"Bismillah, ɗana. Doka ce."

Saurayin ya ja da baya. Ta wuce shi, ta wuce na bayansa, hannu a buɗe, har ta tsaya a gaban Shugaba.

"Ranka ya daɗe, kai ka nemo mana dokar nan, kai ya kamata ka fi kowa murna. Riƙe, kada ka iso kanta a ce ta ɓata."

"Baiwar Allah, ni ba sayarwa nake yi ba."

"Ai shi ya sa. Wasa za ka yi da ita, ko ba haka takardar ta ce ba? To ta ina za ka fito da ita in ba ka yanka ba?"

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Shugaba ya cire tabarau ya mayar, ya ce shi ba ya jayayya da jahilci. Ta ce ita ma ba jayayya ta zo yi ba, za ta tsaya nan gefe ne kawai ta ga an yi wa kowa yadda aka yi mata. Layi ya tsaya cik, don babu wanda ya yarda ya matsa kanta tana kallo. Nan fa manaja ya ga ciniki zai lalace, ya ɗaga murya ya ce matar nan ta zare wa mutane reza, a fitar da ita. Zare! Abin da ke kwance a tafin hannu kamar ana ba da sadaka. Na buɗe baki, na faɗi abin da na faɗa, ban kuma janye ko ɗaya ba. Mai gadi ya zo yana ba mu haƙuri a hankali, don ya san Yaya, sun sha raba inuwa. Ta ajiye musu rezarsu a kan kanta muka fita. Kafin la'asar an gaya wa masu gadi kada a sake barinta ta shiga, ko ta tsaya a gaban ginin.

Na ce mata abin ai mai sauƙi ne. Ita aka hana, ba ni ba. Ranar fitowa in rufe shago in bi layi, in kawo mata, ta sayar.

"In ke kika tsaya, ni me zan ce na sayar?"

"Yaya, wa zai tambaye ki?"

"Ni zan tambayi kaina. Kuma ba zan ɓuya a bayan ƙanwata ba kamar wadda ta yi sata."

Na yi magiya, na yi faɗa, ko gezau. Kwalayen saman sif suka yi ta raguwa, ba a ƙaro ba.

Malam ne, duk da wa'azinsa, ya kasa zama. Bai gaya wa kowa ba ya sa rigarsa mai kyau ya je ya sami manaja. Ya dawo da fara'a ya same mu a lungu, ya ce an gama magana. Takardar ma an cire ta tun washegari, don 'yan ƙungiyar da kansu suka ce ba sa so. Yaya za ta koma layinta, ta sayi ukunta, babu mai yanka mata komai. Sharaɗi ɗaya ne: ranar fitowa ta gaba ta zo bakin ƙofa ta ba Shugaba haƙuri a gaban mutane, tunda a gaban mutane ta kunyata shi.

"Kalma ɗaya ce, Yaya," in ji shi. "Ki ce a yi haƙuri, ki wuce ciki. Ki tuna da 'yarki."

Ta shiga gyara zaman kwalaye biyun da suka rage a tebur. Can ta ce, "Allah ya kai mu."

Ranar ta yi shiga kamar mai zuwa ɗaurin aure, har da turare. Ni da Malam muka sa ta a tsakiya. Layi ya zagaye gini kamar kullum, ana jiran bushiya mai jakar makaranta. Manaja yana bakin ƙofa, Shugaba na gefensa, wasu har sun ɗaga waya. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, har na fara sakin jiki.

"Manaja, an ce in zo in ba da haƙuri, ga ni na zo. Amma ina takardar da ke nan?"

"An cire, Mama. Wannan ya wuce."

"Me ya sa aka cire?"

"Masu saye sun ce yankan yana ɓata musu kaya."

"Ashe ɓarna ce."

Ta buɗe jaka ta fito da masu laimar nan uku, ta jera su a kan dakalin ƙofa, kowane da yankakken bakinsa yana kallon sama.

"To ga nawa. Duk garin nan ni kaɗai aka yi wa ɓarnar. Wanda ya sa aka yi, ya fara ba ni haƙuri, ni kuma wallahi a take zan ba da nawa, har da durƙusawa in gwiwa ta yarda."

Malam ya matso yana cewa "Yaya, Yaya" a hankali. Manaja ya kalli Shugaba, Shugaba ya kalli wayarsa. Ta tsaya tana jira, ta ba su lokaci har ya yi yawa. Ni kaina addu'a nake yi a zuci ɗayansu ya buɗe baki, ko da ciki-ciki ne, don na san da ta cika alkawari. Daga ƙarshe manaja ya dubi agogo ya ce wa mai gadi a buɗe ƙofa, lokaci ya yi. Mutane suka fara shiga suna ratsa mu.

Ta tattara kwalayenta ta mayar jaka. A hanya na kasa daurewa, na fashe da kuka don takaici, na ce ta kashe sana'arta da hannunta a kan mutanen da ko sunanta ba su sani ba. Ta ce in share fuskata, ana kallonmu. Malam ya rako mu har muka iso, da zai tafi ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba.

Yanzu rigunan waya da caja take sayarwa a teburin nan, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ta saki ɗaki ɗaya daga cikin biyun da take haya, ita da 'yarta suka koma guda, kuma na san akwai ranakun da take cewa ta ƙoshi alhali ba ta ci ba. Har yau ina jin haushinta, har yau kuma ban ga wanda zan bari ya taɓa ta ba. Tsofaffin masu sayenta ba su daina zuwa ba. Ko shekaranjiya wata ma'aikaciyar asibiti ta tsaya da kayan aikinta, ta fito daga aiki a gajiye, ta ce, "Mama, an ce sabuwa ta fito, kin samo mini?"

"Babu, 'yata. An kore ni daga kantin."

"Subhanallahi! Ba za a iya ba su haƙuri ba?"

"An iya," in ji Yaya, tana kakkaɓe ƙura daga kan caja. "Ni ce ban bayar ba."